Rabin Hoton da Na Hana Baba

Jiya ina gyara akwatina na ci karo da rabin hoton wani ɗan dambe, sai na tuna Baba, yayan mahaifina.

Bayan ya bar aikin reluwe a Kafanchan, ya jera hotunan manyan zakarun damben duniya a bangon ɗakinsa mai ƙanshin busasshiyar citta, daga na ɗaya zuwa na goma. A sama ya manna wani tsohon zakara da aka sha kayarwa. Yakan ce, "Ni tashin mutum nake dubawa bayan ya sha ƙasa."

Wata Lahadi bayan coci, a gaban abokansa, na ce sabon zakaran da bai taɓa faɗuwa ba shi ya cancanci saman. "Baba, ka tsufa, idonka ba ya gani!" Na fizge hoton tsohon zakaran, ya rabu biyu.

Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ɗana, kawo rabin in manna." Na cusa a aljihu na fita.

Da aka kayar da gwanina, kunya ta hana ni komawa. Ranar jana'izar Baba na tarar da ɗaya rabin yana nan a sama, bai sa kowa a wurin ba.

Ubangiji ya ba shi hutawa, ni kuma ya gafarta mini.