Ka Ɗaure Kyamara, Ka Kwance Kanka

Mai karatu, dakata kafin ka ci gaba. Idan kalaman lallashi ka zo nema, irin waɗanda ake jera wa mamaci kamar bai taɓa kuskure ba, to ka ajiye wannan ka nemi wani rubutun. Ni uwa ce, ɗana nake wa ta'aziyya, amma ba zan yi wa gaskiya kwalliya don a ji daɗin karatu ba. Idan kuma kana da ɗa mai riƙe sitiyari, ka karanta har ƙarshe ko da ranka bai so ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Asabar, goma sha huɗu ga watan Maris, da ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, Allah ya karɓi ran babban ɗana yana da shekara talatin da ɗaya. Ya rasu a kan sabon titin da ke bayan masana'antu, wanda ba a riga an buɗe wa jama'a ba, inda samari ke jera motoci biyu-biyu don su ga wadda za ta riga cinye mita ɗari huɗu. Ba ciwo ya yi ba, ba kuma wani ne ya buge shi ba. Tsere ya je. Ya bar mata, da 'ya mai shekara uku, da ƙanensa Auta, da ni.

Ɗana, yanzu da kai nake.

Masu gaisuwa suna ta cewa kai mutumin kirki ne. Ba ƙarya suka yi ba, na ma fi su sani. Shekarar da na zame a banɗaki na karya ƙugu, ka rufe shagonka na gyaran wutar mota har mako biyu. Ka zo da ƙarfe ka kafa mini a bango don in riƙa kamawa, ka ɗaure shi da noti shida. Da ka gama ba ka bar ni na taɓa ba sai da ka rataya a jikinsa da dukan nauyinka, ƙafafu a sama, kana lilo, ni kuma ina kan kujera ina dariya har ɗinki yana mini zafi. Ka ce, "Mama, abin da bai ɗauke ni ba, ba zan ba shi amanarki ba." Ƙarfen yana nan. Da safen nan ma shi na kama na miƙe.

Jiya tsohon direban nan mai ɗaukar 'yan makaranta ya zo yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ya ce shekara huɗu kana duba masa wayoyi da fitilu a farkon kowane zango, ba ka taɓa barin ya sa hannu a aljihu ba, don kawai yara yake ɗauka. Ni ma in ka ɗauke ni zuwa asibiti, ba ka tayar da mota sai na ɗaura bel. In na ce yana matse mini ƙirji, sai ka zare makulli, ka rungume hannu, ka ce, "To mu yini a nan, Hajiya, ni ba sauri nake ba." In mun tashi kuma, masu keke ma wuce mu suke yi.

Ashe mutum biyu na haifa a jiki ɗaya. Akwai wannan, akwai kuma wanda abokansa ke kira Harsashi. A bakin masu gaisuwa na fara jin sunan. Shekara biyu kana wannan sha'ani, kana cin abincina, kana kallon idona, ba ka taɓa ko tari ba.

Da safiyar ranar ina zaune a tsakar gida ina ba 'yarka shayi, kai kana cikin mota tun ƙarfe takwas. Wata 'yar kyamara ka sayo, ba ta wuce kwalin ashana ba. A gabana ka yi komai. Ka goge gilashin ƙofar gefen fasinja da sifirit sau biyu, ka jira ya bushe. Ka manna robar nan mai tsotse gilashi, ka danna mariƙinta har ta kama, ka ja da ƙarfi ka ji ko za ta saki. Ka ɗora kyamarar a kan ɗan hannun ƙarfe, ka murɗa noti. Hakan bai ishe ka ba. Ka ɗauko wayar ƙarfe ka ɗaure kyamarar a mariƙin da ke saman ƙofa, sannan ka ƙara igiyar leda ka zagaya ta ƙarfen matashin kujera.

Na ce, "Wai me kake ɗaurewa haka kamar akuya mai tsallake katanga?"

Ka yi dariya ka ce, "Mama, in roba ta saki, waya ta riƙe. In waya ta tsinke, igiya ta riƙe. Ba a wasa da irin wannan."

Na ce ta mece ce. Ka ce ta ɗaukar hanya ce, saboda masu goga wa mutum mota su yi gardama. Wannan ita ce magana ta ƙarshe da ka yi mini a duniya, kuma ƙarya ce. Na yafe maka ita, amma ban manta ba.

Ba zan faɗi yadda labari ya iso ni ba, ko yadda na same ka a asibiti an rufe da farin ƙyalle. Wannan nawa ne. Abin da zan faɗa shi ne abin da ya faru kwana biyu bayan mun rufe ka. Falo cike da mutane, sai na ga wani abokinka mai baƙin tabarau ya ja Auta gefen ƙofa. Ya zaci kunnena ya tsufa. Ya ce, "Kai, an samu bidiyon kuwa? Wallahi jama'a sai tambaya suke." Ƙasar kabarinka ba ta bushe ba, su kuwa kallo suke jira. Na tashi na miƙa wa Auta hannu. Ya zaro kyamarar daga aljihu ya ba ni. Na juya ta gaba da baya. Ko ƙwarzane babu. Shi kuma mai tabarau na nuna masa ƙofa, na ce ya gaida uwarsa, ya faɗa mata ta fara shiri.

Kai ka koya mini yadda ake sa ɗan katin kyamara a talabijin don in riƙa kallon 'yarka tana tatata. Na rufe ɗaki, na sa.

Fuskarka ce ta fara fitowa, kusa-kusa, kana hura gilashin kyamarar kana gogewa da bakin riga. Ka koma kujerarka ka ɗaura bel. Na ji ƙarar shigarsa da kunnena, har na ce alhamdulillahi, kamar ban san ƙarshen labarin ba. Sai ka duba wayarka ta hannu, ka ga hoton ya yanke maka rabin kai. Ka yi tsaki. Ka danna bel ya kwance, ka miƙa jiki zuwa ɗaya gefen, ka sassauta noti, ka ɗaga kyamarar kaɗan, ka sake murɗawa. Ka ja wayar da ka ɗaure ka ji tana nan, ka ja igiyar ita ma. Ka shafa gemu, ka yi wa kyamara murmushi.

Ta gilashin gaba ana hango wanda ke tsaye tsakanin motocin biyu, ya ɗaga jan ƙyalle. Auta ne. Ƙanenka, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya dubi ɗaya direban, ya gyaɗa masa kai. Kai bai dube ka ba, don ya ɗauka Yaya ba ya mantuwa. Ya saki ƙyalle.

Hannunka ya kai ga bel. Na gani. Na mayar da wurin baya sau tara don kada in zalunce ka. Yatsunka sun taɓa shi. Sai ɗaya motar ta yi ruri ta wuce ka da rabin jiki, hannun ya saki bel ya faɗa kan giya. A nan ka zaɓa, ɗana. Ka auna ni da matarka da 'yarka a gefe ɗaya, ka auna rabin jikin mota a ɗaya gefen, mu muka fi sauƙin bari.

Daƙiƙa goma sha ɗaya. Tayarka ta hau yashin da ma'aikata suka zube a bakin titi, mota ta juya, ta daki tulin kwalbatin siminti. Ka fita ta gilashin gaba. Sun kira ka Harsashi, ka cika musu suna.

Robar ta saki, kamar yadda ka yi tsammani. Waya ta riƙe, kamar yadda ka tsara. Kyamara ta yi ta lilo tana nuna kujerarka babu kowa a kai, bel na rataye a gefe. Direban janwe da ya jawo motar ya ce ɓangaren direba bai ko lotsa ba, da kana ɗaure da haƙarƙari biyu kawai za ka karya. Minti goma sha tara tana ɗauka kafin batirinta ya mutu. Ba a ganin komai sai kujerar. Ana dai jin takun gudu, da muryar Auta yana kiran "Yaya, Yaya" har ta dushe, da wani can gefe yana cewa a matsa masa ya ɗauka da waya.

Kada kowa ya zo ya tuna mini cewa ajali ba ya wuce lokacinsa. Na sani, na yi imani, a kan haka na tashe ku. Amma Allahn da ya rubuta kwanakinka shi ya ba ka hankali da hannu biyu, ka kuma yi amfani da su sarai wajen tsare kwalin ashana. Igiya biyu ka ba ta. Kanka ko ɗaya ba ka ba ba.

Ke kuma surukata, ina miki ta'aziyya da zuciya ɗaya, domin rashinki ya fi na kowa tsawo. Amma kin sani. Ke kike wanke masa rigar nan mai lamba a baya, kina shanyawa a cikin ɗaki don kada in gani. Kin ce tsoron ɓacin ransa kika ji. To ga shi ransa bai ɓaci ba, yana murmushi ya tafi. 'Yarki tana tsayawa a bakin ƙofa duk lokacin da ta ji hon. Ke za ki yi mata bayani, ni na gaza.

Shekaranjiya Auta ya durƙusa a gabana. Ya ce abokanka sun shirya tseren tunawa da kai a titin nan, kuma shi suke so ya tuƙa a madadinka. Ya ce, "Mama, ki ba ni kyamarar, Yaya zai so a ƙarasa abin da ya fara." Na dube shi, ɗa ɗaya tilo da ya rage mini, yana roƙon in miƙa masa hanyar da ta cinye wansa. Ashe bai taɓa kallon abin da ke ciki ba. Na ce ya zauna. Na kunna. Da aka zo wurin jan ƙyalle ya rufe fuska ya ce, "Mama, don Allah ki kashe." Na cire hannunsa da kaina, na riƙe haɓarsa, na ce, "Dubi wanda ka saki ƙyalle ba ka duba ba. Yau ka dube shi." Ya yi amai a kan darduma. Na bar shi ya gama, na ba shi tsumma. Wasu za su ce na yi rashin tausayi. Su ce. Gara ya tsane ni yana numfashi.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka. Ka dubi ƙarfen da ya kafa wa uwarsa, ka dubi yaran da ya tsare wa hanya, ka kau da kai daga daƙiƙa goma sha ɗayan nan. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ni na yafe masa nonon da ya sha da hawayen da ya sa ni. Ka ba matarsa haƙuri, ka raya 'yarsa cikin albarka, ka sanyaya zuciyar ƙanensa. Ina kuma miƙa ta'aziyya ga kawunnansa da gwaggonninsa da duk wanda ya so shi tsakani da Allah. Amin.

Saura magana ɗaya, kuma ta gidana ce. Daga yau makullan mota a ɗakina suke kwana. Duk wanda ke ƙarƙashin rufin nan, ɗa ne, suruka ce, ko jikata ce ranar da ta girma, in yana son makulli, zai zauna a gabana ya kalli abin nan daga gogewar gilashi har mutuwar batir, ba a rage sauti, ba a tsallake ko daƙiƙa ɗaya. Ba sau ɗaya ba, kowace fita. Wanda ya ga ba zai iya ba, Allah ya ba shi ƙafa, ya taka.