Kawuna ya riga ni gano maci amana

Jama'a, na janye maganata! Yau na sha kunya.

Sati guda ina gaya muku wanda bai kalli tsohon fim ɗin nan na sararin samaniya ba, kada ya taɓa sabon da aka ciro daga cikinsa.

To ɗazu kawuna ya zo daga Tagriss sayar da awaki. Bai taɓa zaman kallon fim ba! Ya iske ni ina kallon kashin farko na sabon a waya, ya leƙo.

An nuno wata duniya, duk rairayi. Ayari ya iso rijiya. Jagoransu ya diro daga wata dabba mai ƙafa shida, ya kafa kai ya sha ruwa.

Kawu ya ce, "Wannan ba ɗan wurin ba ne. Zai cuce su."

Na ce, "Haba Kawu! Tun tsohon fim na san shi, mutumin kirki ne!"

Ya ce, "Wanda ya sha kafin dabbarsa?"

Ba a jima ba sai ga shi ya miƙa ayarin ga maƙiya! Ashe an kashe na gaskiyar, wannan kamanninsa ya ɗauka!

Da wayar matata nake rubuto muku. Tawa tana hannun Kawu, wai sai ya ga an shayar da dabbar nan.