Takardar da na karanta rabi

Assalamu alaikum masu karatu. A lokacin da abin nan ya faru ni mace ce mai ɗiya biyu mata, haifaffiyar wani ƙauye a ƙasar Ibohamane. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Sai da na yi aure na haihu aka buɗe karatun manya a garinmu, a shekarun da mu mata muke ɗaukar duwatsu kan tudu muna jera su don su tare ruwan sama. Da safe dutse a ka, da la'asar allo a cinya. Cikin rani biyu na iya karanta Hausa da rubuta ta, na iya lissafi har zuwa rabawa. Ranar da muka gama aka ba ni ƙananan littattafai uku, na haruffa da na lissafi da na tsabta da renon yara. Na naɗe su cikin zanen aurena na sa a ƙasan akwati. Ni ba mai yawan magana ba ce, kowa ya shaide ni da haƙuri, amma ran nan wani abu ya shiga kaina wanda sai daga baya na san sunansa.

Maigidana maginin rijiya ne. Mai wannan sana'a ba ya zama wuri ɗaya. Da an cire amfanin gona sai masu garaken albasa na fadamar Madawa su aiko masa, daga nan a kira shi wani ƙauye na Buza, kafin damina mu gangaro ta wajen Keita. Wata biyu nan, wata uku can. Tun farko na ce ba zan zauna gida ina jiran saƙo ba, zan bi shi in dafa masa, shi kuma bai ƙi ba. Mukan ɗora tabarmi da tukwane da igiya da guga a amalanke ko bayan kamiyo, babbar motar kaya, inda aka sauke mu nan ne gida. Babbar ɗiyata ta taɓa shiga lakwal a garinmu. Ta yi wata biyar, muka tashi. Da na zaunar da ita in ji abin da ta koyo, sai waƙoƙin Faransanci da ba ta san ma'anarsu ba, harafi ko ɗaya ba ta riƙe ba. Na ce wa maigidana ai wannan ɓata lokaci ne, abin da na koya cikin rani biyu zan ba ta da hannuna. Shi bai iya karatu ba, kuma duk abin da ya shafi takarda ya bar mini. Ya ce in dai na ga zan iya, Allah ya taimaka.

Kada in yi wa kaina ƙarya, shekarun farko sun yi kyau. Ba mu da kaye, wato littafin rubutu, amma buhun siminti ba ya yanke mana, saboda zoben da ake zuba wa rijiya. Nakan ɓare takardar ciki wadda ba ta taɓa siminti ba, in yanka, in ɗinke da zare, ga littafi. Da hantsi, in na gama dakan fura, mu shimfiɗa tabarma a inuwar da muka samu, ni da ita da ƙanwarta da ke rarrafe tana cin gawayin rubutunmu. Lissafi kuwa bakin rijiya muke yin sa. Ubanta yana can ƙasa, ya ɗago murya ya tambayi gaba nawa aka yi yau, ita ta auna igiya ta rubuta ta haɗa da na jiya. Ma'aikatansa har tsokanarta suke, suna ce mata shef, wato shugaba, wai in ba ta sa hannu ba ba a tashi aiki. Ranar kasuwar Madawa in tafi da ita ta ƙirga buhunan albasa a kan kamiyo, in muna Keita mu je bakin tabki ta rubuta sunan kowane tsuntsu da ta gani. Matan ƙauyukan da muke sauka suka fara turo nasu ƴaƴan, suna kirana malama. Ni da ban taɓa zama kan tebur na lakwal ba.

Ita ɗiyar fari ce, ban taɓa kiran sunanta ba har yau, amma kunyar tawa a baki ta tsaya. Tsofaffi suna mini dariya suna cewa ba su taɓa ganin uwa ta manne wa ɗiyar fari haka ba. Gaskiyarsu. Duk garin da muka sauka ni baƙuwa ce, kafin in saba da maƙwabta an ce a naɗe tabarma. Ita kaɗai ce ba ta canzawa. Da ita nake hira, da ita nake zuwa itace, ita ce ke ganin ranar da raina ya ɓaci ba tare da na faɗa ba.

Tana shekara tara ta cinye littattafan nan uku. Ta iya su da ka, har inda takarda ta yage takan cika da bakinta. Ta tambaye ni me ke gaba, na ce maimaici shi ne karatu, mu koma farko. Muka koma. Muka sake komawa. A Madawa takan tsaya gaban allunan ofisoshi tana haɗa haruffan Faransanci tana tambayata ma'ana, ni kuma in dubi abin da ake yi a wurin in ƙirƙiro mata amsa. Daga nan hankalina bai sake kwanciya ba. In ta buɗe baki za ta yi tambaya sai in tuna da wanki ko in aike ta ɗebo ruwa. Wata rana dutse ya faɗo wa ubanta a hannu muka kai shi likita. Wata matashiyar ma'aikaciya mai farar riga ta rubuta ordonans, takardar sayen magani, ɗiyata ta karɓa tana karantawa a hankali. Matar ta tambaye ta ajinta nawa, ta ce ajin inna. Matar ta yi dariya mai daɗi, sannan ta dube ni ta ce wannan kan bai kamata ya tsaya a nan ba, a kai ta lakwal tun shekaru ba su wuce ba. Tun daga ranar ɗiyata ba ta da zance sai na farar riga. Ko ɗaure wa akuya ƙafa za a yi, ita ce kan gaba.

Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, mushe ne, wato malami, a wata lakwal ta Keita. A ƙarshen daminar shekarar da babbar ta cika goma ya aiko da takarda ta hannun wani direba. Lokacin salula ba ta kai kowane hannu ba, inda muke kuma sai an hau dutse ake samun rezo. Ya rubuta da Hausa don ya san ni zan karanta. Bayan la'asar maigidana ya zauna yana gyaran igiya, ya ce in karanto masa. Na karanta gaisuwa, na karanta labarin gero da na rashin lafiyar gwaggonmu. Sai idona ya riga bakina zuwa ƙasa. Yayana yana roƙon maigidana ya ba shi riƙon babbar, ta zauna gidansa ta yi lakwal. Ya ce ya yi magana da direkter, shugaban lakwal ɗin, za a gwada ta a sa ta ajin da ya dace da ita, amma bana ce ta ƙarshe, in ta ƙara shekara ba mai karɓarta. Na tsallake layukan nan shida, na sauka kan gaisuwar ƙarshe. Maigidana ya ce ashe takarda mai tsawo haka ɗan zancen ke nan, ƴan boko akwai ɓarnar bik. Na yi murmushi.

Da na tsaya nan ma da sauƙi. Washegari na yanki takardar siminti na rubuta amsa da sunan maigidana. Na ce ya gode, amma ya yanke shawara yarinya za ta zauna gaban uwarta, kuma yana roƙon kada a sake tayar da zancen. Na san abin da nake yi. Na san yayana mai kunyar suruki ne, in uban ɗiya ya ce a'a, ba zai sake buɗe baki ba ko da sun haɗu ido da ido. Haka kuwa aka yi. Sun haɗu wajen suna, sun haɗu wajen gaisuwar rasuwar gwaggo, ba wanda ya ce uffan. Ni dai yayana ya rage sakin fuska da maigidana, shi kuma bawan Allah yana ta tambayata ko ya yi masa wani laifi ne.

Na ce wa raina baɗi zan faɗa. Baɗi ta zo muna Buza, na ce sai mun koma gida. Na kasa ƙona takardar yayana, na kasa duba ta, na tura ta ƙarƙashin zanen da littattafaina ke ciki. Duk tashin da za mu yi, ni ke ɗaukar akwatin nan da kaina, ban yarda kowa ya taɓa ba. Abinci ya daina yi mini daɗi. In mun sauka gari sai in ƙosa mu tashi, in mun tashi in ƙosa mu sauka. Na ƙara wa yarinyar aiki, na sa ta koya wa ƙanwarta da yaran maƙwabta, ina cewa ai ga shi ta zama malama tun yanzu, me lakwal za ta ƙara mata. Ita kuma duk shekara in ta ga yara da jakunkuna sun nufi lakwal, sai ta tambaye ni ko kawunta bai aiko da komai ba. In ce bai aiko ba.

Shekara huɗu ana haka. Wani rani aiki ya tsaya wa maigidana, ba siminti, ba takarda. Da rana tsaka ina tankaɗe a tsakar gida, ita tana neman abin da za ta rubuta wa ƙanwarta haruffa a kai, ta buɗe akwatin. Ban ji motsinta ba sai da ta zo ta durƙusa gabana. Ta shimfiɗa takardar a cinyarta, ta ɗora yatsa ƙarƙashin kalmar farko kamar yadda na koya mata, ta fara karantawa. Ba ta yi sauri ba, tana tsayawa a kowane ɗigo. Ta wuce gero, ta wuce gwaggo, ta shiga layukan nan shida ta karanta su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Sannan ta ɗago kai.

"Inna, na karanta daidai?"

Na ce ta karanta daidai. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ninke takardar ta ajiye kusa da rariya, ta ɗauki tulu ta fita. Da maigidana ya dawo daga masallaci ni da kaina na karanta masa, duka, na kuma faɗa masa abin da na rubuta da sunansa. Ya dubi hannunsa mai tabo. Abin da ya ce kawai shi ne, shi ya ɗauka idona idonsa ne.

Bayan kwana biyu muka hau motar kasuwa zuwa Keita mu huɗu. Yayana ya saurare ni a zaure bai katse ni ba, da na gama ya tashi ya kama hannun maigidana ya nemi gafararsa kan zargin da ya riƙe shi da shi shekara huɗu. Ya kai mu wurin direkter. Mutumin ya ba ta lissafi ta yi, ya ba ta rubutun Hausa ta karanta kamar ruwa. Ya girgiza kai ya ce da an kawo ta lokacin da aka yi magana, da yanzu tana kolej. Amma shekara goma sha huɗu, ba Faransanci ko kaɗan, ba ajin da zai iya sa ta. Ƙaramar ce aka karɓa, muka bar ta gidan kawunta. A hanyar komawa babbar ta zauna bakin taga, ta riƙe jakar ƙanwarta da aka manta a hannunta har muka sauka.

Yau ƙaramar tana gidan kawunta tana karatu. In ta zo hutu, yayarta takan karɓi kayenta ta zauna da su, tana tambayarta ma'anar kalmomi, babba tana koyo wurin ƙarama. Ita ce ke koya wa matan unguwarmu karatun Hausa yanzu, kuma in mace za ta je awo ita ake nema ta raka ta. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Na nemi gafararta ta ce ta yafe, na kuma yarda har zuciyarta ta faɗa. Amma in muka je likita tare, ina ganin inda idonta yake tsayawa.

Ban rubuto don in ce koyar da ɗa a gida laifi ne ba. Wanda yawo ya zame wa dole kamar mu, ya koyar, abin da na ba ɗiyata a kan buhun siminti yana nan tare da ita ba mai ƙwace shi. Laifina shi ne na kai ƙarshen igiyata na ƙi faɗa. Maigidana in ya gina ya tarar da dutsen da ya fi ƙarfinsa, fitowa yake ya nemo mai kayan fasa shi, ba ya zama a ƙasa yana cewa ruwa na kusa. Ni na zauna, don kada a daina ce mini malama, don kada in sauka baƙon gari ba mai yi mini hira. Ƴan'uwana mata, musamman wadda ita kaɗai ce mai karatu a gidanta, amanar da ke hannunki ta fi ta mai riƙon maɓallin rumbu, don ba mai iya duba bayanki. In ɗanki ya tambaye ki abin da ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba, ki nemo wanda ya sani tun shekaru ba su rufe ƙofa ba. A gidanmu yanzu duk takardar da ta shigo, ni nake fara karantawa, sannan in miƙa wa ɗiyata ta sake karanta wa ubanta daga farko. Ba shi ya sa wannan doka ba, ba ita ba. Ni na roƙa.