Ba a Katse Malami

Wata Alhamis ce da hantsi, a bazarar shekarar korona, ina zaune a gindin mangwaron gidanmu a zangon Dapaong. Wayar Baba na jingine da turmi, muryar malaminmu Mushe Isifu (Mushe muke ce wa malaman boko, daga Faransanci) tana ta zuba lissafi kamar an kunce famfo. Ya zo wani wuri da ban gane ba, sai na miƙa yatsa na tsayar da shi don in rubuta. Ban ko sauke hannu ba na ji Baba daga bakin turke: "Rabi, malami na magana kika rufe masa baki?"

A Sokodé nake makaranta, a hannun gwaggona, kuma shekarar ce zan zana jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare. Da aka rufe makarantu sai aka sa ni a mota na dawo gida. Mushe Isifu, malaminmu na lissafi, ya haɗa 'yan ajinmu a guruf ɗin Wasap, yana ɗaukar darasi da murya yana turo mana daga can. Babbar waya guda ce a gidanmu, wadda Baba ke cinikin shanu da ita. Ya kuma riga ya gaya mini, ba da faɗa ba, cewa in na faɗi na gama da Sokodé, sai in zauna in kama wa Inna sayar da wagashi, cukun madarar shanu da take yi. Ni kuwa wallahi na tsani ƙaurin tafasasshiyar madara har cikin raina.

Kada a ɗauka Baba bai san waya ba, shi ma saƙon murya yake tura wa dillalai kullum. Amma ɗan malami ne, ya tashi a zauren da ko tari ba a yi in ana ba da karatu. Ya ce ɗauka ko ba ɗauka ba, muryar malami ce, kuma albarkar karatu a ladabi take. Sai ya kafa doka: in an kunna, sai Mushe ya kai ƙarshe. Zan shimfiɗa tabarma in cire takalmi, Inna ta ajiye taɓarya, ƙannena su bar langa su nemi wuri su zauna. In layi ɗaya ya wuce ni, sai in sake darasin tun daga sallama, kafin in kamo wurin kuwa Baba ya karɓi wayarsa ya hau babur zuwa kasuwar Nano ko Tandjouaré. 'Yan ajinmu na ta gaba, ni ina nan jiya i yau. Na yi kukan takaici a bayan rumbu, na kai ƙara wurin Inna, ta ce ita ba ruwanta.

Rannan ana tsakiyar darasi sai kira ya shigo, muryar Mushe ta ɗauke ɗif. Dillalin Baba ne daga Nano. Ni da ma bakina ba ya shiru, na ce, "Baba, yau dai ba ni ba ce, dillalinka ne ya katse malami." Inna ta harare ni. Baba bai ɗauki kiran ba, ya bar wayar har ta gama ruri. Can ya shiga ɗaki ya sa hula, ya dawo ya zauna ya ce in danna masa wurin ɗaukar murya. Ya gai da Mushe, ya gai da iyalinsa, ya tambayi zafin Sokodé, sannan ya roƙi izinin a riƙa tsayar da shi in ta kama. Sai da na tura na lura a guruf na sa, duk aji ya ji. Kunya kamar in nutse.

Kafin azahar amsa ta zo, Mushe yana magana yana danne dariya: "Alhaji, na ba da izini. Ta tsayar da ni sau nawa take so. A aji ma roƙonsu nake su tsayar da ni, ba sa yi." Daga ranar na ci gashin kaina. Na tsayar, na mayar baya, na rubuta, har lissafin ya zauna. Dokar shiru kuwa Baba bai ɗage ta ba ko sau ɗaya. Na ci jarrabawa, na koma Sokodé, wagashi ya zauna wurin Inna.

Yanzu karatun jami'a nake daga nesa, da wayar kaina da abin saƙalawa a kunne. Ina tsayar da malamai, ina sa su sauri, ban san fuskar wasunsu ba, ba kuma mai ce mini kanzil. Ya fi sauƙi, ba na musu, kuma zan gama. Sai dai ana daka, ana wasa, ana kirana aike, ba wanda ya san ina aji. Ina kewar lokacin da gida guda ke yin shiru don ina karatu.