Yadda Duba-gari Ya Sayi Mota a Kwance

Ni na fara gano aibin motar, kuma ba da ido na gano ba. Na shiga da farar shaddata da aka aiko mini daga Kano, na hangi kujera a bakin taga, na zauna ina cewa, "Kai, ai wannan falo ne guda." Ban rufe baki ba na ji sanyi yana ratsa wandona. Na miƙe a hankali, na jingina bayana da bango, amma tsohuwar baturiyar da ke sayar da motar ta riga ta gani. Ta ce in yi haƙuri, tagar takan yi yoyo in an yi ruwan sama. Abokina Musah kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya zagayo ya ce, "Malam Junaidu, yau ka yi amfani. Juyo in ga faɗinsa."

Haka Musah yake. A Manchester kaf, in ka ce Musah sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce Duba-gari, ko yaran da ba sa jin Hausa za su nuna maka flat ɗinsa a Ardwick. A zangon Kumasi aka haife shi, ubansa dillalin shanu ne, kuma tun yana ƙarami aka koya masa cewa ba a sayen dabba sai an buɗe bakinta, an ɗaga kofato, an sa ta tafiya. Ya zo Ingila ya fara da wankin bas, ya ƙare da tuƙa ta, amma har gobe duk abin da ya gani a duniya saniya ce. Kankana sai ya ƙwanƙwasa ta ya kara kunne. Mai nama a Longsight in ya hango shi yakan ce wa yaransa su fito da kujera, yau akwai zama. Da council, wato hukumar gari, ta ba shi gida, sai da ya yi nafila a kowane ɗaki kafin ya karɓi makulli, wai hancin da ke ƙasa ba ya ƙarya. Ni direban tasi ne, a masallaci muka saba. Ina yi masa dariyar Hausarsa ta zango, yana yi mini dariyar tumbi, a haka muka tsufa tare.

Abu ɗaya na san ya ɗauka bai duba ba, wato matarsa Alima. Ya ce ranar da ya gan ta tana sayar da koko, basirar ta gudu.

Alima ta yi shekaru tana aiki a gidan kula da tsofaffi, tana ɗaga wannan tana juya wancan, har bayanta ya ce ya gaji. An je wurin GP, likitan unguwa, an je asibiti, an dawo da magana ɗaya: za ta iya tsayuwa kaɗan, za ta iya kwanciya, amma zama a kujera azaba ne. Ko zuwa Hulme, nan kusa da su, barkar haihuwa ta daina. Sai ga shi a 2006 'yarsu Nadia za ta gama jami'a a Birmingham, za a yi bikin ba da shaida cikin bazara. Alima ta sa aka ɗinka mata leshi, ta rataye shi a bayan ƙofa inda take ganinsa daga gado. Ta ce wa mijinta, "Baban Nadia, ko a makara ne, a kai ni."

Nadia ce ta kawo dabarar. Ta ce a nemi irin motar nan da turawa ke yawon hutu da ita, camper van, mai gado da murhu a ciki, Mama ta yi tafiyar a kwance. Dabara mai kyau, sai dai an ɗora ta a kan Duba-gari. Mun je Stockport, ya ce injin yana tari irin na mai shan taba. Mun je Oldham, ya ce mai motar ya cika murmushi. A Bolton muka sami wadda ni da kaina na yi sha'awa, tsaf kamar amarya, ya tsaya a kan tsagar madubi har mutumin ya rufe ƙofarsa. Sanyi ya wuce, furanni suka fito, leshi yana rataye. Alima ta daina tambaya in mun dawo. Wannan shirun ya fi damuna, don mace mai baki ce.

Ana nan sai Nadia ta bugo waya, ta ce ta ga tallar wata a tagar shago a Bristol Road, mai ita wata tsohuwa ce a Selly Oak, can Birmingham, sunanta Clara, mijinta ya rasu, motar tana zaune a ƙofar gida. Ranar Asabar na ɗauki Musah muka kama hanya, Nadia ta tarye mu a can. Ya riƙo wata jaka ya hana ni taɓawa.

Bayan abin da ya sami wandona, sai aiki ya fara. Da farko ya ɗora tafin hannu a kan murfin injin, don ya ji ko an ɗumama shi kafin mu zo. Sanyi ƙalau, ya gyaɗa kai. Ya sa Clara ta tayar, ya ruga baya ya tsuguna yana kallon launin hayaƙi. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi da tocila, muna jin sa yana tsokalar tsatsa da sukundireba yana magana shi kaɗai. Ya fito ya ce tayoyin suna da zane amma gefensu ya tsattsage, zama ya cinye su, ba tafiya ba. Ya shiga ciki ya bi bangon da babban yatsa, yana dannawa a gefen kowace taga. Ya buɗe kabad ya cusa kai. Ya kunna murhun gas ya kashe, ya tsaya yana shaƙa.

Clara ta raɗa wa Nadia, "Babanki makanike ne?"

Nadia ta ce, "A'a, haka yake yi ko burodi zai saya."

Sai ya nemi izini ya yi sallah a ciki. Clara ta ce don me ba zai yi ba, har ta fita ta ba shi wuri. Da ya sallame bai tashi ba, ya ɗaga gefen kafet, ya danna katakon da ke bakin ƙofa. Ya lotsa kamar gurasa.

Na ce, "Duba-gari, tsakaninka da Allah, sallah ka yi ko shanshana?"

Ya ce, "Sai da na idar na shanshana. Kai da ba ka yi ko ɗaya ba, yi mini shiru."

Na dubi Nadia. Ta riga ta saɓa jakarta, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Baba, please. Babu sauran lokaci. Me zan ce wa Mama?" Ni ma na fara laluben makullina, don na san in Musah ya ɗaga kafet, ciniki ya mutu.

Musah ya jawo jakar da ya riƙo daga gida. Ya buɗe ta ya fito da matashin kai biyu, na gane su, na Alima ne. Ya fito da kwanon sha na silba. Ya roƙi Clara ta buɗe gadon, ya cika kwanon da ruwa har baki. Ya cire takalmi, ya kwanta ta gefen hagu, matashi ɗaya a kai, ɗaya tsakanin gwiwoyi, daidai yadda matarsa ke kwanciya. Ya ajiye kwanon a kan katifa kusa da ƙugunsa, ya ce a tuƙa.

Na ce, "Ikon Allah. Mutane na gwada mota a kan sitiyari, kai a kan gado?"

Ya ce, "Ai ba ni zan sha wuyar ba. Sitiyari na san shi. Nan ne ban sani ba."

Sai a lokacin na tuna: duk motocin da muka gani, yakan daɗe yana kallon inda gadon yake. Ta Bolton gadonta a can ƙurya yake, bisa tayoyin baya, inda kowane rami zai daki mutum. Kunyar faɗa yake ji a gaban maza, sai ya laƙa wa madubi laifin.

Clara ce ta tuƙa, tunda inshorar tata ce. Ta leƙo ta dubi yadda ya kwanta, sannan ta tambayi Nadia wane ne ba shi da lafiya. Da aka gaya mata, sai ta ce mijinta ma a nan ya kwanta a tafiyarsu ta ƙarshe zuwa bakin teku, shi ya sa ya sa aka matso da gadon tsakiya, aka canza katifar. Ta ce wa Musah ya lura da yadda za ta hau tudun rage gudu: a karkace, taya ɗaya kafin ɗaya. Muka bi lungunan Selly Oak, tsakanin gidajen ɗalibai da kwandunan shara, ta hau tudu ta sauka, ta zagaya shatale-tale, ta fita babban titi ta ɗan taka. Ni ina zaune a gaba a kan jarida, ina waiwaye. Musah ya rufe ido. Ruwan yana rawa a kwano, yana lasar baki, yana komawa.

Da muka tsaya ya tashi zaune, ya shafa katifar gefen kwanon. Ɗigo kaɗan ne. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce da Nadia, "Kira uwarki. Ki ce ta sa a goge leshin."

Cinikin ma abin kallo ne. Ya lissafa wa Clara aibin motarta ɗaya bayan ɗaya, kamar mai karanta laifin ɓarawo, ita kuma tana cewa gaskiya ne, ta ma ƙara masa da wanda bai gani ba, wai hita mai ɗumama ciki ba ta aiki. Ɗan dillalin shanu bai taɓa gamuwa da irin wannan ba. Ya rikice, ya rasa ta inda zai taya, ya ce in gaya mata ya saya.

Ya canza tayoyi, ya sa katako a bakin ƙofa, sauran ya bar wa Allah. Ranar bikin na bi su a baya da tasina. Tafiyar da nake yi kafin shayi ya huce a fulas, sai da muka kai azahar. Manyan motoci suna wuce mu suna danna oda, ita kuwa tana tafe tana nishi, in ta ga hawa sai ta turnuƙe ni da hayaƙi. Amma da aka buɗe ƙofa a harabar jami'a, Alima ta sauko da ƙafarta, leshi yana walƙiya, ɗauri ya kai wani wuri. A tsaye ta kalli bikin daga bayan zaure, tana dafe da kafaɗar mijinta. Da aka kira sunan Nadia ta rangaɗa guɗar da ta sa wani farfesa ya dafe hularsa.

Bayan an tashi muka koma motar, aka ɗumama wake da shinkafa a murhun, Alima tana kishingiɗe tana ba da umarni kamar da. Na ci na ƙoshi, bakina ya motsa.

Na ce, "Duba-gari, yanzu dai a faɗi gaskiya. Duk ƙasar Ingila, bayan duba na wata da watanni, wannan akwalar ka zaɓo? Keke ya wuce mu a hanya fa."

Ya suɗe cokalinsa, ya dube ni sama da ƙasa.

"Akwala ce, amma ta kai mace inda take son zuwa. Kai mai lafiyayyen inji, ina ka taɓa kai matarka in ban da kasuwar Longsight?"