Kunnen Akuyar Habbanaye

A shekarun da nake malamin dabbobi a Madawa, wajen ƙarshen casa'in, na yi wa shanu rigakafin cutar bushiya har ta kai ko mutum na gaisa da shi sai idona ya faɗa kan kunnenshi. Ƙa'idar aikin ke nan: ka soka allura, ka zaro awartaki daga aljihu, ka ɓalle ɗan yanki a kunnen dama mai siffar sawun kaza, don baɗi a san wadda anka yi wa. Daga Sabon Gida har duwatsun Garhanga, da an tara guntayen kunnuwan da na zubar, da an ɗinka tantin da zai ɗauki biki biyu da suna.

Ana nan cikin bazara sai takarda ta zo. Wai wani proje, irin shirin taimakon nan, ya kawo likitan dabbobi daga ƙasar Sin, zai yi kwana goma yana koya mana allurar ƙasarsu da maganin gargajiyarsu na ƙananan dabbobi. Anka tara mu daga Madawa da Buza da Keita, anka jera mana benci ƙarƙashin rumfar bayan biro, wato ofishinmu.

Shinuwan, wato likitan na Sin, dattijo ne, siriri, irin wanda in guguwa ta taso sai an riƙe mishi riga. Tun ranar farko munka sa mishi ido, don a zafin da kaza ke buɗe baki tana haki, shi ruwan zafi yake kurɓa daga wata gora ta ƙarfe. Da ya buɗe akwatinshi sai ga allurai kamar gashin wutsiyar doki, ba rami a ciki, ba bututu, ba kwalba ko ɗaya. Wani abokin aikinmu na Keita ya ɗaga hannu kamar ɗan lakkol mai kiran malaminshi.

"Mushe, ina maganin da za a ɗura?"

Ya amsa da faransancinshi mai taushi cewa babu abin ɗurawa, allurar ita ce maganin.

Munka dubi juna. A lokacin hutu wasu sunka ce kwalaben an sauke su a hanya, dattijon kunya ce ta hana shi faɗi. Wasu sunka ce gwaji ne, in awakinmu sun rayu sannan a yi wa nasu. Akwai wani cikinmu Kirista, wanda ya tashi a unguwar asibitin mishan, ya ce shi ya ga an buɗe cikin mutum an ɗinke ya tashi ya ci tuwo, amma allurar da ba ta da komai ciki, wurin boka kaɗai ya san ta. Kafin ya taɓa kowace allura sai ya rufe ido ya yi addu'a, mu kuma muna gefe muna ta bisimilla. Ban taɓa ganin mu da shi mun haɗu a kan tsoro guda kamar ranar ba.

Dattijon ya rataya taswirarshi a bango, sai ga hoton kare da na kyanwa, jikinsu duk layuka da ɗige-ɗige kamar hanyar mota. Ashe a birninsu aikinshi ke nan, karnuka da kyanwoyin cikin ɗaki. Ya ce a kawo kare a ɗora bisa tebur. Kowa ya ja baya. Wa zai rungumi kare da rana tsaka, sallar azahar na tafe? Daga baya dai anka shawo kanshi a kan awaki da tumaki, ya ce kowa ya nemo marar lafiya guda.

A nan gwaggona ta shigo maganar. Yayar babana ce, tana zaune a wani ƙauye gabas da Azarori, mijinta ya daɗe da rasuwa. Tana da wata doguwar akuya fara mai jan wuya da ke ɗingishi da ƙafar baya tun kaka. Akuyar ba tata ba ce, ta habbanaye ce. Wani dattijon Bahillace, abokin marigayi mijinta, shi ya ba ta ita a kan ta riƙe har haihuwa uku, 'ya'yan nata, uwar ta koma garkenshi yadda ta zo. Ta haihu sau biyu, saura ɗaya. A ƙauyen nan matar da anka ba habbanaye an shaide ta ke nan, kuma Gwaggo da wannan shaidar take taka ƙasa.

"Mi za ku yi mata?" in ji ta, tana riƙe da igiyar.

"Allura, Gwaggo. Ta Sin. Kyauta."

"Kyautar ce ban so ba. Kai kuma tun kana ƙarami in an ba ka kwano da murhi, kwanon kaɗai kake maidowa."

Na rantse mata da duk abin da na sani, na ƙara da wanda ban sani ba. Ta saki igiyar da yatsa ɗaya ɗaya, ta ce amanar mutane ce, ko gashi guda ya ɓace sai na nemo shi.

Gashi kuwa ya ɓace, don ranar farko Shinuwan ya aske mata wurare shida a gadon baya da cinya, ya ɗiga shuɗin tawada. Yana lalube da yatsa, ya tsaya, ya murza allura kamar mai zaren abawa. Akuya ta tsaya da allurai a jiki kamar beguwa, tana tuƙa abinta. Sannan ya kunna wani abu mai kama da sigari ya kanga kusa da fatar. Hayaƙin na tashi sai abokinmu na Keita ya shinshina ya buga cinya.

"Tazargade! Wallahi tazargade ce! Ganyen maganin nan da Buzaye ka saidawa a kasuwa!"

Nan shakka ta ƙaru. Mutum ya tsallako duniya da jirgi don ya ƙona mana tazargade? Lalle akwai abin da yake ɓoyewa. Shi ma na lura ba duka ya yarda da mu ba. Kullum in an tashi sai ya ƙirga alluranshi sau biyu yana kallonmu ta saman tabarau.

Amma mun koya. Mun koyi duba harshen akuya da taɓa jijiyar cinya, mun koyi cutar sanyi da ta zafi, waɗanda dama kakanninmu sun san su ba tare da taswira ba. Kwana na bakwai akuyar Gwaggo ta fara taka ƙafar. Ko allurar ce, ko hutu da dussar proje da take ci har tana gyatsa, har yau ban yanke ba.

Ranar ƙarshe anka yi jarrabawa. Anka jera dabbobi takwas, kowa ya soka wa tashi. Da lokacin cirewa ya yi, dattijon ya ce ni in cire duka, don ya ga hannuna ya fi sauri. Kaina ya kumbura har hula ta matse ni. Na bi layi ina zare allurai, ina saki, ina zarewa, ina saki. Abin da ban sani ba, tsakanin zarewa da saki hannuna na dama yana shiga aljihu yana aikin da ya saba. Abokan aikina suna kallo ba wanda ya ga aibu, don su ma a wurinsu dabbar da ta sha allura kunnenta ne abu na gaba. Shinuwan kuwa ya ga jini, ya matso, ya duba sawun kaza da kyau, ya buɗe kayenshi yana rubutawa. Bawan Allah ya ɗauka maganin gargajiyarmu ne, har ya gyaɗa mini kai don girmamawa.

Ni ban farga ba sai a tsakar gidan Gwaggo. Na sauke akuya daga moto ina ta zuba, ina cewa ta dubi tafiya, ko amarya ba ta fi haka ba. Gwaggo ba ta dubi ƙafa ba. Ta kama kunnen dama ta ɗaga shi sama, rana ta ratso ta wurin da na ɓalle.

Shaidar Bahillacen tsaga ce a kunnen hagu, na dama ba a taɓa shi. Shaidar gidanmu kuwa tun kakanni ɓalli ne a kunnen dama. Duk wanda ya ga akuyar nan a bakin rijiya abu ɗaya zai karanta: tsohuwa ta ga haihuwa ta uku ta kusa, ta sa ɗan ƙanenta ma'aikacin gwamnati ya buga mata shaidar gida. Kuma ƙauye ne da tsofaffinshi ba su manta zamanin da mai rawani zai sauko daga arewa ya ɗora alamarshi kan dabbar talaka, shi ke nan ta zama tashi. Maganar shaida a nan ba a yi mata dariya.

"Wa ya aike ka?" in ji Gwaggo. Muryarta ƙasa-ƙasa, abin da ya fi ihu tsoro.

"Ba kowa, Gwaggo. Hannuna ne."

"Hannunka. Shi hannun wa ya aike shi?"

Ta zauna bisa turmi tana lissafa waɗanda za su so a kunyata ta, tun daga maƙwabciyar da ta nemi habbanayen ba ta samu ba har wani mai awo da sunka yi cacar baki shekarun baya. Ni kaina sai da ta dube ni ta tambaya ko ina da ido a kan gonar marigayi. Na ce a ɓoye akuyar cikin ɗaki har gashi ya rufe wurin. Ta ce a kunne? Kuma ɓoyewar ita ce satar.

Ba a kwana uku ba Bahillacen ya iso, labari ya same shi a rugarshi. Ya yi sallama, ya sha ruwa, ya tambayi gida da gajiya da zafi, bai bar komai ba. Sannan ya miƙe ya je turke. Ya daɗe yana murza kunnen da yatsa.

"Akuyar na gane ta," ya ce. "Kunnen ne baƙo."

Gwaggo ta sunkuyar da kai. Tunda nake ban taɓa ganin haka ba, matar da ke iya yi wa kasuwa guda faɗa ba ta sha ruwa ba. Na durƙusa na ce, Baffa, ni ne. Na ba shi labarin Shinuwa da allura marar rami da tazargade da hoton kare. Ina faɗi ina jin yadda labarin ke ƙara kama da ƙarya. Ya saurara har ƙarshe.

"Likita, kai da ka yi lakkol. Allura ba magani, kuma kunne ba dalili. Wanne zan ɗauka?"

"Duka biyu, Baffa. Kuma ba ita kaɗai na yi wa ba. Takwas ne."

Ya ce to sai ya gani. Na goya shi a moto har Madawa, yana riƙe da sandarshi a gicciye muna share hanya, masu jakai na faɗawa gona. Munka bi gida gida. Ragon matar wani jandarma, tunkiyar wani mahauci, bunsurun limamin unguwarmu, har akuyar abokina Kirista. Kowane gida sai in yi sallama in roƙi a fito da dabba don a tabbatar wa baƙo cewa ni wawa ne. Wasu sai lokacin sunka lura da kunnen, don haka zagi ma na sha sabo. Shi kuwa Baffa bai yarda da sauƙi ba. Kowane mai gida sai ya ja shi gefe ya tambaye shi ko yana da dangantaka da wata tsohuwa a gabas da Azarori. A gida na bakwai ya saki kunnen tunkiya, ya dube ni daga hula har takalmi.

"Gwamnati ta san da kai?"

Na ce ta sani. Ya girgiza kai, ya ce mu koma.

A tsakar gida ya sa anka kira mai gari da maƙwabta biyu, don abin da anka faɗa a rijiya a warware shi gaban mutane. Ya ce tsohuwa ba ta ci amana ba, ɗan ƙanenta ne Allah ya jarrabe ta da shi. Amma akuya mai shaida biyu ba za ta shiga garkenshi ba, don bayan ranshi 'ya'yanshi da nata za su yi shari'a a kanta. Uwar ta zauna nan ta zama ta Gwaggo. Shi zai ɗauki ɗiyarta ta fari a madadinta.

Ɗiyar nan budurwar akuya ce mai sheƙi, wadda Gwaggo ta raina da ƙanzo da ruwan tsari, take kwana da ita a bakin ƙofa in ana ruwa, kuma ba ta taɓa sa mata wuƙa a kunne ba don tausayi. An ba Gwaggo tsohuwar akuya mai haihuwa ɗaya ko biyu a gaba, an ɗauke mata wadda za ta cika turke. Kowa a wurin ya san wa ya yi asara.

Gwaggo ta tashi da kanta ta kwanto ɗiyar, ta danne ta tsakanin gwiwoyinta, ta miƙa mishi kunnen hagu. Ya zaro wuƙa ya tsaga, ta ɗebo toka ta shafa a wurin. Da ya kama igiya zai fita sai ya tsaya a bakin zaure, ya ce in ta kai kaka akwai wata tunkiya da yake so ya ajiye wurin mai riƙon amana. Gwaggo ta ce Allah ya kai mu. Sannan ta juyo, karo na farko tun safe, ta ce in je in jawo wa baƙo ruwa ya wanke wuƙarshi.