Da Sauƙin Muttaka

Duk wanda ya taɓa kai hularsa wanki a Mandawari ya san ƙanena Muttaka, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne siririn nan da ke zama a bakin lungunmu da bahon kumfa a gabansa, huluna jere a bayansa suna shan rana. A wurin Malam, mahaifinmu, ya gaji sana'ar, ya haɗa da rashin surutunsa. Idan ka kawo masa hular da maiƙo ya cinye bakinta, ba zai ce maka komai ba. Zai juya ta ne kawai ya dube ka, kai da kanka ka ji kunya.

Mu uku iyayenmu suka bari. Babbanmu Alhaji Gwadabe, mai shagon yadi, ya gina gida a Gwale ya tashi tun tuni. Ni Lauratu ina koyarwa a firamare, ina aure a bayan layinmu. Muttaka ne auta, shi aka bar wa gidan gado da tsohuwar katangarsa ta ƙasa. Gara in faɗa tun yanzu: ina jin haushin Yaya Gwadabe, kuma ba zan ɓoye ba don a ce ina da kawaici.

Wata damina aka wayi gari ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da hantsi, Muttaka na bakin lungu yana kwashe hulunan mutane kada su lalace, katangar ɗakinsa ta zube a kan matarsa Binta da jaririnsu Umair. Ba a fito da ko ɗaya da rai ba. Babbar 'yarsa Ikram tana makaranta, shi ya sa ta tsira.

Muttaka ya karɓi gaisuwa kamar kowa. A ce masa yaya haƙuri, ya ce da godiya. Maƙwabta suka yi ta yabon tawakkalinsa, aka gyara ɗaki, kowa ya koma harkarsa. Sai bayan an watse ciwon ya fito. Ya daina fita bakin lungu, masu huluna suka riƙa zuwa suna karɓar kayansu da dattinsu. Abinci sai na tsaya a kansa. Da hadari ya haɗo sai gabansa ya hau faɗuwa, gumi ya keto masa, numfashi ya gagara. Ya kan finciko Ikram daga ɗaki ya tsaya da ita a tsakar gida, ruwa na dukansu, don ya fi yarda da sararin sama a kan kowace katanga.

Addu'a mun yi, muna kuma kan yi. Amma Yaya Gwadabe ya yanke hukunci tun kafin ya zauna: raunin imani ne, in ba haka ba kuwa kai ne ya taɓu. Na ce a kai shi asibiti, Muttaka ya ce ko da igiya ba za a ja shi inda 'yan unguwa za su ce an kai shi wurin mahaukata ba.

Wata abokiyar aikina ce ta ba ni labarin Malama Firdausi, wadda ta karanci halayyar ɗan Adam, take duba masu ciwon damuwa da fargaba ta kiran bidiyo daga wani gari. Ba layi, ba idon jama'a, daga kai sai wayarka. Da ƙyar Muttaka ya yarda, na ba shi tsohuwar wayata, aka sa musu kowace Laraba bayan la'asar. Abin da ban yi tunani ba shi ne gidanmu. Katangunsa masu kauri ne, netwok ba ya shiga ɗaki ko ɗaya. Wuri ɗaya kawai yake kamawa, zaure, inda kowa ke ratsawa da sallama.

Ban san wanda ya kai wa Yaya Gwadabe labari ba, Allah ya isa tsakanina da shi. Ya zo ya same mu, ko zama bai yi ba.

"Likitar mahaukata a waya? A gidan Malam?" ya ce. "To ku ji. Ranar da na tabbatar kansa ya taɓu, yarinyar nan ba za ta ƙara kwana a hannunsa ba. Gwale za ta koma."

"Haba Yaya," na ce, "ita kaɗai fa ta rage masa."

"Shi ya sa, Lauratu. Jira kike ya kashe ta da sanyin ruwa?"

Daga nan kowace Laraba sai ga shi. Mutumin da kan yi wata bai leƙo gidan ba, ya zama ba ya fashi. Ya shimfiɗa dardumarsa a kusurwar zaure, ya ɗauko carbi, bakinsa na motsi, kunnuwansa a miƙe. Carbin nan ban san me aka ja da shi ba.

Malama Firdausi za ta bayyana a waya ta ce, "Malam Muttaka, yaya jikin?"

Shi kuwa ya saci kallon kusurwa ya ce, "Da sauƙi, Likita."

A garin nan ko mutum yana gargara aka tambaye shi jiki, da sauƙi zai ce. Haka muka tashi, kuma wanda ya ce wani abu daban sai a ga kamar ya yi wa Allah butulci. Muttaka ya samu mafaka a cikin kalmar ya shige. Barci? Da sauƙi. Faɗuwar gaba? Da sauƙi. Ita ma 'yar Hausa ce, ta san dawan garin. Ta nemi a ba su wuri, Yaya Gwadabe ya ce zauren ubansa ne, ba mai tashinsa. Ta ce a sa abin kunne, aka sa, amma abin kunne muryarta yake ɓoyewa, ba ta Muttaka ba, sai ya cire ya ajiye. Daga baya ta koma tambayarsa, "Wannan da sauƙin, na gaisuwa ne ko na gaskiya?" Ya yi ɗan murmushi ya ce na gaskiya, alhali wuyan rigarsa na zamewa daga kafaɗa saboda rama.

Haka aka ci rani, ana zuba ruwa a kwando. Ina kallon ƙanena yana ƙarewa, ina kallon yayana yana jan carbi.

Ranar da abin ya fashe, farkon damina ne. Na kawo masa abinci ina tsaye a ƙofar ciki, Ikram na riƙe da gefen mayafina. Ana cikin magana gari ya rufe, aka yi tsawa. Wayar ta hau rawa a hannun Muttaka, ya dafe ƙirji, idonsa na kan rufin zauren.

"Malam Muttaka," in ji Malama Firdausi, "ina ganin hannunka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni ban iya maganin da sauƙi ba, abin da ke damunka kawai zan iya taimaka maka da shi. Yaya jikin?"

Ya dubi Yaya Gwadabe, wanda carbinsa ya tsaya cak. Ya juyo ya dubi Ikram, ya daɗe yana dubanta. Ya san farashin abin da zai faɗa, mu ma mun sani.

"Babu sauƙi, Likita," ya ce. "Tun ranar ban ga sauƙi ba. Duk wanda na faɗa miki a baya na gaisuwa ne. Ba na barci. Idan na rufe ido ƙasa nake tonowa da hannuna. Hula nake kwashewa, Likita, hular mutane, matata tana ciki."

Ya fashe da kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Ni ma na yi. Yaya Gwadabe ya miƙe ya naɗe dardumarsa a natse, kamar wanda ciniki ya faɗa masa daidai.

"Lauratu, kin ji da kunnenki," ya ce. "Haɗa mata kayanta."

Na zage shi ranar, zagin da ƙanwa ba ta yi wa yaya, kuma har yau ban janye ba. Bai hana komai ba. Dattawan dangi suka goyi bayansa, suka ce ai shi da bakinsa ya faɗa. Kafin magariba Ikram na cikin motarsa tana leƙen baya.

Abin haushin shi ne, daga ranar magani ya fara kama Muttaka. Yaya Gwadabe ya samu abin da yake nema, ya daina zuwa, zaure ya zama na Muttaka. Malama Firdausi ta koya masa yadda zai ja numfashi idan gabansa ya fara faɗuwa. Ta sa shi zama a ɗaki ana yayyafi, da farko a bakin ƙofa, daga baya can ciki. Ta ce ya wanke hula ɗaya a rana ko ba ya so. Ta tura shi wurin likitan asibiti aka rubuta masa ƙwaya, ya tafi da ƙafarsa, ya ce wanda zai gan shi ya gan shi. Akwai Larabar da ya ce mata yau ya fi jiya muni, akwai wadda ya ce an ɗan samu. Ba rana ɗaya ya miƙe ba, amma kafin wata daminar ta ƙare ya koma bakin lungu, yana kwana a ɗaki ana ruwa, kumatunsa sun ciko.

Wata Juma'a ya sa fararen kaya da hular da ya wanke wa kansa, ya ce in raka shi Gwale. Muka tarar da Yaya Gwadabe a zaurensa mai tayil da fanka. Muttaka ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce ya zo ne a kan maganar Ikram.

"Yaya jikin naka?" in ji Yaya Gwadabe.

"Da sauƙi, Yaya."

Sai Yaya Gwadabe ya yi dariya, irin wadda ba ta kai ido. "Haka ka yi ta faɗa a gabana wata da watanni. Kai da kanka ka ce na gaisuwa ne. Yau kuma da me zan gane?"

Wace kalma kuma ta rage wa Muttaka? Guda ɗaya ce muke da ita, ya riga ya kashe ta a ranakun ƙarya, yau da ya zo da ta gaskiya ba mai karɓa.

Ikram ta ji muryarsa ta fito da gudu, ta tsaya turus da ta ga Alhaji, ta durƙusa. Ta yi tsayi, an yi mata kitson da ban san hannun ba.

"Baba, yaya jiki?"

"Da sauƙi, Ikram."

Ta ɗago ta dube shi. Ashe duk Larabobin nan tana bayan ƙofa tana ji.

"Na gaisuwa ko na gaskiya?"

"Na gaskiya," ya ce.

Ta juya da sauri wurin Yaya Gwadabe, fuskarta a washe. "Baba Alhaji, ka ji? Ya ce na gaskiya."

"Na ji," ya ce, ya miƙa hannu ya ɗauki carbinsa. "Shiga gida."